Kaji bakwai, kyanwa biyu da wahalar neman gidan haya a Abuja

Dillalin ya riga ya buɗe ƙofar ɗaki na biyu, yana nuna mini yadda iska ke ratsa tagogi, lokacin da na ce masa akwai maganar da ya kamata ya sani kafin mu yi nisa. Na ce muna da kyanwa biyu. Ya yi ɗan murmushi, ya ce wannan mai sauƙi ce, za a san yadda za a yi. Na ce akwai kuma kaji bakwai da zakara ɗaya. Nan take ya ja ƙofar ya rufe, ya mayar da makullin aljihu.

"Haba Oga, ai da ka faɗa mini tun a waya," in ji shi. "Da ba mu ƙona mai a banza ba."

Gida na huɗu ke nan da na duba a Kubwa cikin mako guda, kuma kowanne sai da na biya kuɗin zuwa dubawa, wanda ba a mayar wa mutum ko an daidaita ko ba a daidaita ba. Duk wanda ya taɓa neman gidan haya a Abuja ya san tambayoyin da ake jero masa: ina kake aiki, kana da aure, 'ya'ya nawa, wani lokaci har da jiha da addini. Na tanadi amsar waɗannan duka. Abin da ban tanada ba shi ne kaza, wadda a garin da na tashi ba a ƙirga ta cikin abin da ake neman izini a kansa, za ta tsaya tsakanina da muhalli har tsawon wata huɗu.

Kajin na mahaifiyata ne. Bayan rasuwar mahaifinmu, da ta fita takaba, da ƙyar muka shawo kanta ta bar Funtuwa ta dawo wurina, kuma sharaɗi ɗaya ta kafa: ba za ta taho ta bar kajinta ba. Gidan da muke ciki a lokacin yana da ɗan fili a baya, mai shi kuma yana zaune a wata jiha, bai damu da abin da ke bayan katanga ba muddin kuɗinsa na shiga a kan lokaci. Shekara biyu muka yi a haka lafiya. Sai aka sayar da gidan, sabon mai shi ya aiko da takardar notis ta hannun lauya, ya ba mu wata shida. Kyanwoyin kuwa na 'yata ne. Ta tsinci macen tana 'yar jaririya a bakin kwata ranar wani ruwan sama, namijin kuma ɗanta ne da muka kasa samun wanda zai karɓa.

Abokan aikina da dama da na yi wa ƙorafi amsa ɗaya suka ba ni: a yanka kajin a ci, a huta. Na fahimci dalilinsu, domin a lissafin kuɗi duk kajin ba su kai abin da na kashe wajen zirga-zirgar duba gidaje ba. Amma wanda ya tashi a gaban tsohuwa irin tawa ya san kaza asusun mace ce. Da ita take kai gudummawar biki, da ita take sayen magani ba sai ta buɗe baki ta roƙi ɗa ba, ita take yanka wa baƙon da ya zo daga gida don kada a ce ta zama 'yar zaman cin arziki. A garin da ba ta jin Turancin mutanensa, ba ta da sa'ar hira a maƙwabta, watsa tsaba da sassafe shi ne aiki ɗaya da ya rage wanda nata ne ita kaɗai. Ni ne ɗan farinta, don haka ba ta kiran sunana. Ranar da ta ji muna tattauna maganar da maiɗakina, sai ta leƙo daga ƙofa ta ce, "Kai wannan, in kajin ne suka hana ku samun gida, ka sa ni a mota ni da su, mu koma inda muka fito." Ba da fushi ta faɗa ba, kuma na san za ta aikata.

Shawarar dillalai

Kusan kowane dillali da na yi hulɗa da shi shawara ɗaya ya ba ni, wasu a fili wasu da habaici: kada ka faɗa. Ka biya, ka karɓi makulli, ka shigo da dabbobinka da daddare. In mai gida ya gani daga baya, ai kuɗinsa na shekara yana hannunsa, ba zai iya korarka ba.

Ba abin mamaki ba ne su faɗi haka. Dillali a Abuja yakan karɓi la'adar kashi 10 cikin 100 na kuɗin shekara, lauyan da ya rubuta yarjejeniya shi ma yakan karɓi kwatankwacin haka, ga kuma kuɗin da ake ajiyewa saboda ɓarna. Ranar da aka biya aikin dillali ya ƙare. Rigimar da za ta taso bayan wata uku ba ta shafe shi ba, in ma ta kai ga tashi, sabuwar la'ada ce ta samu.

Aikina a wannan jarida shi ne tace rubutun wasu kafin ya fita, don haka na saba da karanta takarda layi bayan layi ina neman inda aka ɓoye magana. Da na fara neman a ba ni kwafin yarjejeniya kafin in biya ko sisi, abin da dillalai ba sa so, sai na ga cewa a mafi yawan waɗanda suka zo hannuna akwai sakin layi guda, can wajen tsakiya, tsakanin hana sauya fasalin gini da hana sanya wani ɗan haya a ƙarƙashinka, da ke cewa ɗan haya ba zai ajiye dabba ko tsuntsu a harabar gidan ba sai da rubutaccen izinin mai gida. Wasu kuma ba su ambaci dabba ba sam, amma sun hana duk abin da zai dami maƙwabta ko ya jawo wari da hayaniya, wanda faɗinsa ya isa ya haɗiye kaza da akurkinta.

Gaskiya ne mai gida ba shi da ikon fitar da kayanka waje da ƙarfi. Dokar karɓe gidaje daga hannun 'yan haya da ke aiki a Babban Birnin Tarayya ta tanadi notis na wata shida ga mai biyan shekara-shekara, wata ɗaya ga mai biyan wata-wata, sannan wani notis na kwana bakwai kafin a tafi kotu, kuma kotu ce kaɗai ke da ikon ba da umarnin fitarwa. Sai dai wannan wa'adi yana aiki ne idan yarjejeniyar ba ta faɗi wani abu daban ba, kuma lauyoyin masu gidaje sun san haka. Da yawa suna rubuta hayar a matsayin ta shekara ɗaya tak mai ƙarewa da kanta, ta yadda ranar da ta cika, notis ɗin kwana bakwai kawai ya rage. Wanda ya shigo da kaji a ɓoye, ke nan, shekara ɗaya ya saya wa kansa, a ƙarshenta kuma zai sake biyan dillali da lauya da motar kwasar kaya, wataƙila ya yi asarar kuɗin ajiyarsa. Ban da wannan, kyanwa tana iya ɓuya a ɗaki, amma har yau ban ga wanda ya ɓoye zakara ya wuce asuba ɗaya ba.

Abin da masu gidaje ke tsoro

Da farko na ɗauki ƙin da ake yi mini a matsayin girman kai na 'yan birni. Da na zauna da wasu masu gidajen, ba ta bakin dillali ba, sai na ga yawancinsu an taɓa cizonsu ne. Wani dattijo a Dutsen Alhaji ya zagaya da ni bayan gidansa ya nuna mini inda wani ɗan haya da ya nemi izinin ajiye kaji biyar ya mayar da wurin gonar kajin gidan gona, ɗaruruwa, yana kiwo don kasuwar Kirsimeti. Shekara ta zagayo amma bangon bai daina wari ba in an yi ruwa. Tun daga nan, in ji shi, ko hoton kaza ba ya son gani a gidan.

Ƙorafin nasu yana da tushe. Kashin kaji in ya jiƙe yana da wari mai hawa kai, yana tara ƙuda, kuma gidajen hayar Abuja na yanzu an shafe tsakar gidansu da siminti ko intalok, babu ƙasar da za ta shanye shi. Dusa da tsabar da aka bari a buɗe suna kiran ɓeraye da gafiya. A gidan da iyali huɗu ko shida ke raba tsakar gida ɗaya da igiyar shanya ɗaya, kazar da ta hau kan wankin maƙwabciya ta isa ta haɗa faɗan da mai gida ne zai zo rabo. Akwai kuma hukuma. Hukumar Kare Muhalli ta Abuja, AEPB, wadda ke aiki a ƙarƙashin dokar 1997, tana da jami'an duba-gari da kotun tafi-da-gidanka, ƙananan hukumomin yankin su ma suna da nasu jami'an, kuma in maƙwabci ya kai ƙara a kan wari ko ƙazanta, sunan mai gida ake fara tambaya. Wasu kuma har yanzu suna tuna murar tsuntsaye, wadda aka fara tabbatar da ɓullarta a ƙasar nan a wata gonar kaji da ke Jaji, Jihar Kaduna, a watan Fabrairun 2006, kuma ta sha dawowa tun daga lokacin.

Amma duk wannan mai sauƙi ne a kan zakara. Mutanenmu suna cewa zakaran da Allah ya nufa da cara, ko ana muzuru ana shaho sai ya yi, kuma namu bai san agogo ba. A ƙauye caransa ba ya damun kowa, domin ana kwanciya da wuri, a tashi da shi. A Abuja kuwa, inda fitilun tsaro ke kunne dare farai, yakan fara tun ƙarfe uku, a ƙarƙashin tagar ma'aikacin da bai shigo gida ba sai sha ɗaya saboda cunkoson hanya. Ni kaina, da nake barin ofis bayan an rufe labarin ƙarshe, na sha tsine masa a zuciya.

Inda ban yarda da su ba shi ne yadda ake tafiyar da dokar a manyan rukunan gidaje. A wani da na duba a hanyar filin jirgi, kundin ƙa'idojin mazauna ya yarda da kare muddin an yi masa rigakafi kuma ana riƙe shi da igiya, amma ya haramta kaji ko da guda ɗaya ce a keji. Karen da na gani a gidan da ke kallon wanda aka nuna mini ya kai ɗan maraƙi, haushinsa kuma ya ninka caran zakaranmu. Na tambayi mai kula da wurin yadda suke yi da ragunan layya, ya yi dariya ya ce wannan ai na mako ɗaya ne. Abin da na fahimta shi ne kare alamar mai hali ce, kaza kuwa tana tuna wa mutane ƙauyen da suka baro, kuma akwai masu biyan kuɗi mai yawa don kada a tuna musu.

Har harshen takardun ma yana nuna haka. Da Turanci ake rubuta su, kuma Turanci ya raba dabbar da ake ajiyewa don sha'awa da ɗebe kewa daban, dabbar gona daban, kowace da kalmarta. Hausa ba ta yi wannan rabo ba. A wurinmu kiwo kiwo ne, tun daga tattabara har sa. Sau biyu ina samun mai gidan da ya ce ya yarda da dabbobi, in yi murna, sai daga baya in gane kashi na farko yake nufi.

Kyanwa da abin da ake jingina mata

Na zaci maganar kyanwa za ta zo da sauƙi, kuma a wurin masu gidaje Musulmi galibi haka ta zo. Wanda ya yi karatun addini ko kaɗan ne ya san sahabin da ake yi wa laƙabi da Abu Huraira saboda 'yar kyanwarsa, ya san malamai ba su ɗauki abin da ta sha ta rage a matsayin najasa ba, ya kuma ji labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle ta hana ta abinci. Amma Abuja gari ne na kowa, kuma a sassa da dama na ƙasar nan, har da namu, akwai masu danganta kyanwa da maita, musamman baƙa. Tamu macen baƙa ce wuluk. Wata mai gida a Lugbe, mace mai fara'a wadda har ruwa ta kawo mini, ta ce kaji ba su dame ta ba ko kaɗan, amma kyanwa ba za ta kwana a ƙarƙashin rufinta ba. Ban yi gardama ba, domin irin wannan ba a warware shi da hujja a tsaye a bakin ƙofa.

Sauran ƙorafin na zahiri ne: farce yana yaga ragar sauro ta taga, muzurun da ba a yi wa fiɗiya ba yana fesa fitsari a bango, warinsa kuma ba ya fita da wanki ɗaya, sannan kukan da suke yi da dare lokacin barbara kamar na jariri ne. Cikin kyanwa wata biyu ne da 'yan kwanaki, don haka biyu suna iya zama goma kafin haya ta zagayo. Duk waɗannan likitan dabbobi yana maganinsu. Mun kai namu an yi wa namijin fiɗiya, an yi wa macen aikin hana haihuwa, an yi musu allurar rigakafin ciwon haukan kare, aka ba mu kati mai hatimi. Wannan kati ya yi mini amfani fiye da duk wani dogon bayani.

Hujjar da na fi samun kunnen masu gidaje da ita ita ce ɓera. Zazzaɓin Lassa, wanda ya samo sunansa daga garin Lassa na Jihar Borno inda aka fara gano shi a 1969, wani nau'in ɓera ne ke yaɗa shi ta fitsari da kashinsa, kuma kowace shekara da rani hukumar NCDC tana fitar da gargaɗi a kansa. Kyanwa ba ta maye gurbin rufe abinci da tsaftar gida, amma gidan da take ciki ɓera ba ya sakewa. Wani mai gida da na yi wa wannan bayani ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce, to Malam, kajinka su kira ɓera, kyanwarka ta kore shi, ni mene ne ribata? Ban sami amsa ba.

Inda kaza ke da wuri

Matsalar ta samo asali tun daga zanen garin. An ƙirƙiri Babban Birnin Tarayya a 1976 zamanin Janar Murtala Muhammad, wani gungun kamfanonin Amurka ya miƙa taswirar birnin a 1979, gwamnati kuma ta tare a ranar 12 ga Disamba, 1991. Garin ma'aikata aka zana, mai unguwannin kwana daban, wuraren aiki daban, gonaki can waje. Gidan Bahaushe na gargajiya, mai zaure da tsakar gida da turken akuya da akurki a lungu, ba ya cikin wannan zane. Haka ma gidan Bagwari, wanda aka tarar a wurin da rumbunansa da dabbobinsa.

Saboda haka, gwargwadon nisanka da tsakiyar birni, gwargwadon sauƙin maganar. A Wuse, Garki, Jabi ko Gwarimpa, sai dai in gida sukutum za ka kama mai katangarsa, wanda albashin ma'aikacin jarida bai isa ko kallonsa ba, balle yadda haya da sufuri suka yi tashin gwauron zabi tun bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023. A Kubwa da Lugbe da Karu abin ya danganta da mai gida. A Bwari, Kuje, Gwagwalada, ko ka tsallaka Mararaba da Masaka a Jihar Nasarawa, ko Madalla da Suleja a Jihar Neja, za ka ga kaji suna kiwo a bakin titi ba mai ɗaga kai. Farashin shi ne hanya. Wanda ya taɓa bin titin Nyanya da safe ya san abin da nake nufi.

Akwai wata mafita da ta fi kowace jan hankali kuma ta fi kowace haɗari, wato ƙauyukan 'yan asalin yankin da birni ya zagaye. A can haya da araha, kusa da wurin aiki, mai gida kuma shi ma yana da kajinsa. Sai dai gidaje da yawa da aka gina wa baƙi a irin waɗannan wurare ba su da takardar izinin gini, kuma waɗanda suka ga rusau na zamanin da Malam Nasiru El-Rufa'i yake ministan Abuja, tsakanin 2003 da 2007, a wurare irin su Karmo, ba su manta ba. Na ga wani gida mai kyau a irin wannan wuri, da bishiyar mangwaro a tsakar gida, har na fara lissafi. Da muka fito sai na lura da jan fenti a bangon gida na uku daga shi. Ban koma ba.

A cikin wannan yawo ne na ci karo da wani abu da ya ba ni dariya. A Ingila, ƙasar da muka gaji salon rubuta waɗannan yarjejeniyoyi daga gare ta, akwai dokar 1950, ta zamanin ƙarancin abinci na bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da ta ba mazaunin fili damar ajiye kaji mata da zomaye don amfanin gida ko da takardar haya ta hana, muddin ba su zama abin damuwa ko haɗari ga lafiya ba. A watan Oktoban 2025 kuma suka zartar da sabuwar dokar 'yan haya wadda ta ce idan ɗan haya ya nemi izinin ajiye dabbar gida, mai gida ba zai ƙi ba sai da dalili mai ma'ana. Mu mun riƙe sakin layin hani, mun bar sauran a can.

Yadda muka samu

Ba dillali ne ya samo mana gida ba. Mai shagon da nake sayen dusa da abincin kaji a wurinsa ne, da na yi masa ƙorafi wata Asabar, ya ce ai shi ya san duk gidan da ake kiwo a yankin, tunda shi ke kai musu buhu. Ya haɗa ni da wani tsohon ma'aikacin gwamnati a hanyar Bwari, kusa da Ushafa, wanda ke zaune a gidan gaba, yana ba da hayar sassa biyu a baya. Yana kiwon tattabaru a gida, yana da zabi a gonarsa. In da zan ba mai neman irin wannan gida shawara ɗaya, ita ce ya fara tambaya daga shagon abincin kaji da wurin likitan dabbobi kafin ya je wurin dillali.

Na tafi da katin rigakafin kyanwoyin da hoton akurkinmu a waya, na faɗa masa komai kafin in tambayi farashi. Ya saurara, ya ce, "Ɗana, kaji ba matsala, kyanwa ba matsala. Zakara ne ba zan ɗauka ba." Ɗaya sashen wata ma'aikaciyar jinya ce a ciki, mai aikin dare, kuma saboda ita ya rabu da nasa zakaran tun bara. Na ce, "Baba, a ba ni kwana biyu in yi shawara da tsohuwa."

Shawarar ba ta yi daɗi ba. Na yi mata bayanin cewa kaza tana yin ƙwai ko babu zakara, ta dube ni ta ce ta san haka tun kafin a haife ni, amma ƙwan da ba ya ƙyanƙyashewa ai cin yau ne kawai, kiwo ya tsaya ke nan. Gaskiyarta ce. A ƙarshe ta ce ba za a yanka shi ba. Muka sa shi a kwando, na kai shi tashar Zuba, na ba wani direban Funtuwa ya kai wa ƙanwarta. Har yau in suna waya sai ta tambayi lafiyarsa bayan ta gama tambayar yara.

Na nace a rubuta izinin a cikin yarjejeniya, ko da yake Baba ya ce maganarsa ta isa. Na ce masa na yarda da maganarsa, amma gidan da na baro ma mai shi mutumin kirki ne, sayarwa aka yi. Lauya ya ƙara sakin layi guda: kaji mata ba za su wuce goma ba, na amfanin gida ne ba na kasuwa ba, za su zauna a killace a lungun da ya fi nisa da tagar maƙwabciya, abincinsu a cikin durom mai murfi, kyanwa biyu masu rigakafi, duk ragar da suka yaga ni zan gyara. Na ƙara wani abu a kan kuɗin ajiya da kaina. Shi kuma ya amince cewa in an yi ƙorafi za a ba ni mako biyu in gyara kafin a yi maganar notis. Wannan jimla ta ƙarshe ita ce na fi yi wa gardama, ita ce kuma na fi ba muhimmanci.

A watan Maris muka tashi, ana tsakiyar zafi. Zafi yana kashe kaza a mota cikin ɗan lokaci, don haka muka kama su da daddare suna barci, lokacin da ba sa gudu, muka sa su a kwanduna masu iska, muka kama hanya bayan sallar asuba, kafin akori-kurar kaya ta iso. Mako biyu kafin nan an ɗiga musu rigakafin annobar nan da ke share kajin gida, wadda likitoci ke kira Niyukasul, irin wanda cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a Jihar Filato ke haɗawa, saboda za su zauna kusa da tattabarun wani. Kyanwoyin kowace da kwalinta mai huji, kuma da muka isa ɗaki ɗaya muka kulle su har mako biyu, domin kyanwa wuri take riƙewa, in aka sake ta da wuri sai ta kama hanyar tsohon gida. Duk da haka namijin ya fice ta tagar banɗaki a kwana na biyar. 'Yata ta yi kuka kwana biyu, a na uku muka same shi a kan rufin ɗakin tattabarun Baba, wanda ya sa na kwana ina tunanin sakin layin mako biyu. Bai taɓa ko ɗaya ba. Washegari na sayo waya na ƙara wa ɗakin tattabarun da kuɗina.

Nisan ya ƙaru, ba zan ɓoye ba. Ranar da labari ya ɓalle da dare, sai sha biyu ta gota nake isa gida, kuma kuɗin mota yana cin abin da na rage a haya.

Da damina ta sauka, ɗaya daga cikin kajin ta kama kwanci a kan ƙwai marasa zakara, ta ƙi tashi. Baba ya lura. Da yamma ya yi sallama a ƙofar sashenmu riƙe da ƙwarya, a ciki ƙwan zabi goma sha biyu daga gonarsa. Zabuwa ba ta iya kwanci ba, shi ya sa masu kiwo ke sa wa kaza ƙwanta, sai dai yana ɗaukar kimanin kwana 28 maimakon 21 na kaza. Ya ce, "Hajiya, ko za a taimaka mini da wannan kazar?" Na tashi zan yi tafinta, domin Hausarsa ba ta da yawa, sai ta ɗaga mini hannu. Ta ƙirga ƙwan ɗaya bayan ɗaya, ta ɗaga biyu ta girgiza a kunne ta mayar masa, ta ce waɗannan sun lalace. Sauran goman, in ji ta, duk abin da ya fito a raba biyu, kuma nata rabon a gonarsa zai girma, tunda takarda ta ce kada a wuce goma. Ya yi dariya ya amince. Takwas suka ƙyanƙyashe.